Amsoshin Wasiƙunku: Wa Aka Ba Baki a Littattafan Mulkin Mallaka?

Huɗu daga cikin wasiƙun da suka iso mana a wannan wata sun taru a kan magana ɗaya, wato yadda marubutan ƙagaggun labarai suka nuna zaman mai mulki da wanda ake mulka, da fifikon da aka ɗora a kan launin fata. Saboda haka muka haɗa su a fili ɗaya, bayan mun taƙaita tambayoyin ba tare da mun taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai nazarin adabi a jami'a. An ba mu littafin Joseph Conrad mai suna Heart of Darkness, sai gardama ta kaure a ajinmu. Wasu sun ce littafin ya tona asirin zaluncin Turawa a Kwango, wasu kuma sun ce cin mutuncin baƙar fata ne tun daga bangon farko har na ƙarshe. Wane ɓangare ne ke da gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Kowane ɓangare yana da abin kafa hujja, amma ba kunnen doki suka yi ba, kuma zan gaya miki inda ma'aunina ya rinjaya. Conrad ya je Kwango a 1890, ya yi aiki a jirgin ruwan wani kamfanin Beljiyam, a lokacin da ƙasar take mallakin Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam shi kaɗai, kamar yadda mutum ke mallakar gonarsa. Haka ta zauna tun daga 1885, bayan taron Balin inda Turawa suka tsara rabon Afirka, har zuwa 1908 da gwamnatin Beljiyam ta karɓe ta daga hannunsa saboda kururuwar da duniya ta yi a kan kisa da yanke hannuwan da ake yi wajen tilasta wa mutane tara roba. Labarin ya fara fitowa a mujallar Blackwood's a 1899, sannan aka buga shi cikin littafi a 1902.

Masu cewa littafin tonon asiri ne ba su yi ƙarya ba. Marlow, mai ba da labarin, ya ga mutum shida an ɗaure su da sarƙa ɗaya a wuya suna hawan tudu da kwandunan ƙasa a ka, ya ga ma'aikatan da aiki ya cinye sun rarrafa gindin itatuwa suna jiran mutuwa, ya kuma ga kawunan mutane a kan sanduna kewaye da gidan Kurtz, wakilin kamfanin da ya fi kowa tara hauren giwa. Wannan Kurtz ɗin ya rubuta rahoto mai shafi 17 cike da daɗin baki a kan wayar da kan mutanen ƙasar, sannan daga ƙasan shafin ƙarshe ya ƙara layi ɗaya yana cewa a hallaka su duka. Da wuya a sami marubucin wancan zamani da ya tsiraita ƙaryar "wayar da kai" kamar haka.

Sai dai akwai tambayar da Chinua Achebe ya yi a laccar da ya gabatar a Jami'ar Massachusetts ta Amurka a 1975, wadda har yau ban ga wanda ya ba ta amsa mai gamsarwa ba: a cikin wannan littafi, wa aka ba baki? Ki ɗauki fensir ki bi shi shafi shafi. Za ki tarar 'yan Afirka suna ihu, suna rawa, suna mutuwa, amma sau biyu kawai aka sa musu maganar da mai karatu zai fahimta, kuma duka biyun da gurɓataccen Turanci: ɗaya shugaban ma'aikatan jirgi ne yana roƙon a ba su mutum su ci, ɗayan kuma yaron manaja ne yana sanar da mutuwar Kurtz. Matar nan 'yar ƙasa da ke tare da Kurtz an kwatanta adonta da tafiyarta filla-filla, amma ba a fassara mana ko kalmarta ɗaya ba, alhali budurwarsa Baturiya an ba ta shafuka tana bayyana baƙin cikinta. Babu baƙar fata ko ɗaya mai suna a littafin.

Wannan al'ada ta girmi Conrad, ta kuma rayu bayansa. A Robinson Crusoe na Daniel Defoe, wanda ya fito a 1719, Crusoe bai tambayi mutumin da ya ceta sunansa ba, sai ya raɗa masa sunan ranar da suka haɗu, wato Juma'a, kuma cikin kalmomin farko da ya koya masa akwai "Ubangida". A L'Étranger na Albert Camus, na 1942, Bafaranshe ya harbe Balarabe a bakin teku a Aljeriya, harbi ɗaya sannan ya ƙara huɗu, amma har littafin ya ƙare ba a faɗi sunan mamacin ba, kuma kotu ta fi damuwa da cewa mai kisan bai yi kuka ba ranar jana'izar mahaifiyarsa. Sai a 2013 marubucin Aljeriya Kamel Daoud ya rubuta littafin da ya sa wa mamacin suna Musa, ya ba ƙanensa Haruna bakin ba da labarin.

Masu kare Conrad sukan ce Marlow ne ke magana, ba marubucin ba, ko kuma su ce mutumin zamaninsa ne. Hujjar farko tana da rauni, domin marubucin bai buɗe wata taga ba wadda za mu leƙa mu ga abin da Marlow ya kasa gani. Ta biyun ma ba ta tsaya da ƙafafunta ba, tunda a wannan shekara ta 1890 wani baƙar fata ɗan Amurka, George Washington Williams, ya zaga Kwango ya rubuta wa Leopold buɗaɗɗiyar wasiƙa yana lissafa laifuffukan da aka yi wa mutanen ƙasar a matsayinsu na mutane masu haƙƙi. Hukuncina shi ne Conrad ya tsani zaluncin da ya gani tsakaninsa da Allah, amma abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne lalacewar Bature idan ya sami iko marar linzami, mutanen Kwango kuwa ya mai da su fagen da ake wannan wasa a kai. Tausayi daban, ɗaukar mutum a matsayin tsaranka daban, domin mai jaki ma yakan ji tausayin jakinsa.

TAMBAYA: Malam, ni malamin makarantar sakandare ne. Na lura littattafai da yawa na wancan zamani suna ɗauke da Bature mai kirki wanda ke abota da ɗan ƙasa. Ashe wannan bai nuna cewa matsalar ta wasu mugayen mutane ce kawai ba, ba ta tsarin mulkin ba?

AMSA: Malam, Allah ya ƙara basira, amma ina ganin littattafan da kake nufi akasin haka suke nunawa, kuma mafi ingancinsu da gangan suka yi. Ɗauki A Passage to India na E. M. Forster, na 1924. Dakta Aziz, likita Musulmi, da Fielding, shugaban kwaleji Bature, suna son juna da gaske. Amma Aziz ba shi da ikon shiga kulob ɗin Turawa na garin ko a matsayin baƙo, kuma ranar da wata Baturiya ta zarge shi da yunƙurin cin zarafinta a cikin kogo, Turawan garin suka yanke masa hukunci tun kafin a shiga kotu, Fielding kuwa da ya ce abokinsa ba shi da laifi sai da ya bar kulob ɗin. Matar ta janye zarginta a gaban alƙali, aka saki Aziz, amma abotar ba ta koma yadda take ba. Forster ya rufe littafin da su biyun a kan dawakai, Aziz yana cewa sai bayan Turawa sun bar Indiya za su zama abokai, dawakan kuma suka rabu kowa ya kama hanyarsa.

George Orwell ya fi Forster sanin cikin gidan, domin ya yi aikin ɗan sandan mulkin mallaka a Bama daga 1922 zuwa 1927. A gajeren rubutunsa na 1936 mai suna Shooting an Elephant, ya ba da labarin giwar da ta ƙwace ta kashe wani lebura. Ko da ya iso da bindiga giwar ta riga ta huce tana kiwo, kuma ya san bai kamata a kashe ta ba, amma mutum sama da dubu biyu na tsaye bayansa suna jira, shi kuwa Bature ba ya yarda a yi masa dariya, saboda haka ya harbe ta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙarshen labarin, inda samarin Turawa suke cewa asara ce a kashe giwa saboda lebura, tunda giwa ta fi shi daraja. Ga mutum mai ƙin tsarin a zuciyarsa, ga shi kuma tsarin ya matsa masa kunamar bindiga.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Mister Johnson na Joyce Cary, na 1939. Cary ya yi aikin mulki a Arewacin Nijeriya, har ya riƙe Borgu, kuma labarin nasa a wani ƙagaggen gari ne mai suna Fada. Johnson akawu ne matashi, mai waƙa da fara'a, wanda ke kiran Ingila gida duk da bai taɓa ganinta ba. Shi ya nuna wa Di'o Rudbeck dabarar juya kuɗin baitulmali don a gama hanyar motar da Rudbeck ya ƙwallafa rai a kanta, amma da asiri ya tonu akawun aka kora, Di'o yana nan a kujerarsa. Daga baya Johnson ya kashe wani Bature mai kanti, Rudbeck ne ya yi masa shari'a, kuma da aka yanke hukuncin rataya sai Johnson ya roƙe shi alfarmar ya harbe shi da hannunsa, ya kuwa yi. Cary ya ɗauki wannan a matsayin jinƙai. Ɗaliban Kwalejin Jami'a ta Ibadan da aka koya wa littafin, cikinsu har da Achebe, ba haka suka gan shi ba, sun ga baƙar fatar da aka ƙera don ya yi godiya har ga wanda zai kashe shi. Abotar da ɗaya ke da ikon ɗaukar ɗaya aiki, ya kore shi, ya yi masa shari'a, ya kuma zartar da hukuncin, kirkin mai ikon ba ya daidaita ta.

TAMBAYA: Ni dattijo ne, tsohon ma'aikacin gwamnati, kuma karatu ne abokin hirata tun da na yi ritaya. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, a littattafan da 'yan Afirka suka rubuta da kansu, sau da yawa masinja da tafinta da ɗan doka sun fi Baturen mugunta. Wannan ba wanke Turawa ba ne?

AMSA: Ranka ya daɗe, Baba, ka sa yatsa a kan wurin da ya fi ciwo. Ba wanke su ba ne, bayanin yadda injin ke aiki ne. Turawan da ke mulkin ƙasashen nan 'yan ƙalilan ne, yawancinsu kuma ba sa jin harshen mutanen da suke yanke wa hukunci, don haka duk maganar da za ta hau ko ta sauko sai ta bi ta bakin wani, kuma wanda ya tsare wannan ƙofa ya sami abin sayarwa. A Things Fall Apart na Achebe, na 1958, Di'o ya gayyaci shugabannin Umuofia shida da sunan shawara, ya sa aka kama su, ya ci garin tarar buhu 200 na kuɗin wuri. Masinjojin kotu suka aske musu kai, suka hana su abinci, suka buga kawunansu, sannan suka je gari suka ce tarar buhu 250 ce, hamsin ɗin nasu. Masinjan ne mai bulala, amma wa ya kafa kotun da ba ta jin yaren masu ƙara, wa kuma ya ɗauko baƙi daga nesa ya ɗora su a kan dattawan gari? Mai karatu ba ya bukatar a faɗa masa.

Shafin ƙarshe na littafin ya isa amsa. Bayan mun zauna da Okonkwo, tauraron littafin, tun daga kokawarsa ta samartaka har zuwa rataye kansa, mun san tsoronsa da taurin kansa da laifinsa na kashe yaron da ke kiransa uba, sai Achebe ya miƙa alƙalamin ga Di'o, wanda ya bar wurin gawar yana tunanin cewa labarin mutumin nan zai iya cika babi guda a littafin da yake rubutawa a kan lallashin ƙabilun ƙasan Neja, ko kuwa dai sakin layi ɗaya ya wadatar. Duk abin da na gaya wa 'yata mai tambaya ta farko yana cikin wannan shafi.

Marubutan ƙasashen da Faransa ta mulka sun fi amfani da ba'a. Ferdinand Oyono na Kamaru ya fitar da littattafai biyu a 1956. A ɗaya, Une vie de boy, yaron gida mai suna Toundi yana alfahari da zama boyin Kwamanda, har ranar da ya ga ubangidan nasa tsirara a wurin wanka, tsoronsa ya fita daga ransa. Abin da ya hallaka shi kuwa ba laifin da ya yi ba ne, sanin sirrin uwargida da shugaban gidan yari ne, domin mai mulki yana iya jure ƙiyayyar bara amma ba ya jure idonsa. A ɗayan, tsoho Meka ya ba mishan gonakinsa, 'ya'yansa biyu sun mutu a yaƙin Faransa, aka saka masa da lambar girma ranar 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasar Faransa, bayan an tsayar da shi cikin rana a da'irar da aka zana da farar ƙasa. A daren ranar 'yan sanda suka kama shi a unguwar Turawa, ya kwana a kulle.

TAMBAYA: Malam, ina karanta littattafan Hausa na farko, irin su Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, ban ga suna sukar Turawa kamar na Achebe ba. Tsoro ne ya hana marubutanmu, ko kuwa ba su ga aibin mulkin ba?

AMSA: Ɗan'uwa, kafin a tuhumi marubuci sai a duba wa ke riƙe da maɗaba'a. Waɗannan littattafai sun fito ne daga gasar da Hukumar Fassara ta gwamnatin mulkin mallaka ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, aka buga su don makarantun gwamnati, shekara 30 kacal bayan faɗuwar Kano da Sakkwato. Bature ne ya nemi rubutun, shi ya tace shi, shi ya buga, marubutan kuma matasan malaman makaranta ne da ma'aikatan hukuma. Achebe kuwa ya fitar da nasa ana saura shekara biyu a sami 'yancin kai. Haɗa su a ma'auni ɗaya rashin adalci ne.

Duk da haka ba shiru aka yi ba. Ka nemi Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, yayan Abubakar Imam, wanda ya fito daga wannan gasa. Tauraronsa jarumi ne da ya yaƙi Nasara, kuma kashin farko na littafin yana tafe ne a kan yaƙe-yaƙen da aka yi da gaske lokacin zuwan Turawa, da kirari da zugar da ba ta ɓoye inda zuciyar marubucin take ba. Da aka ci ƙasar, sai labarin ya bar tarihi ya shiga duniyar aljanu, inda jarumin ke samun nasarar da bindigar Turawa ta hana shi a gida, kafin ya komo ya tarar ƙasa ta zauna a hannunsu. Ni a karatuna wannan tsallake daga tarihi zuwa tatsuniya shi ne iyakar inda igiyar ta bar marubucin ya kai.

Maganar da ba a tace ba tana cikin waƙa, wadda ba ta bukatar izinin maɗaba'a, tunda da ajami ake rubuta ta, a kwafa da hannu, a haddace. Akwai waƙar zuwan Annasara da ake dangantawa ga Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, wanda ya zaɓi hijira a kan zama ƙarƙashinsu, aka kashe shi a Burmi a watan Yulin 1903. Akwai kuma waƙoƙin Larabci da Hausa na Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga da Kete-Krachi ta ƙasar Gana ta yau har ya rasu a 1934, inda ya bayyana yadda Turawa suka shigo da lallami da sunan ciniki, sannan ya jera garuruwa da sarakunan da suka faɗa hannunsu ɗaya bayan ɗaya.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa wata ƙofa ya buɗe wadda ba mu cika son leƙawa ba. Labarin yaron da aka sace ne, aka ƙetara Sahara da shi, da mahaifiyarsa da ta bi sawunsa ita ma ta faɗa bauta. Babu shakka irin wannan labari ya yi wa hukumar da ke taƙama da hana cinikin bayi daɗi, amma daɗin da ya yi mata bai mai da shi ƙarya ba, kuma yana tuna mana cewa akwai waɗanda tun kafin 1903 ba su da baki. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta aka buga a 1954, ta ce su Haɓe sun so zuwan Turawa, masu sarauta ne ba su so ba, ta kuma ba da labarin hare-haren kamun bayi da suka taɓa danginta. Da Hausa Baba ta yi maganarta, tsohuwa ce da ta ga zamanin biyu da idonta, amma littafin da ya kai muryarta duniya da Turanci ya fito a Landan, kuma sunan Baturiyar ne a bangonsa a matsayin marubuciya.